Windows 11 ta ɓarauniyar hanya: da gaske afdet yana kashe kwamfuta?

Dan_Samaru
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana. Laftof ɗita HP EliteBook 840 G3 ce, i5 janareshan na 6, ram giga 8. Tuntuni wani mai gyara ya ɗora mini Windows 11 a kanta, duk da ita kwamfutar da bakinta ta ce ba ta cancanta ba. Aiki take yi lafiya lau, ba ni da ƙorafi. To amma yanzu in na shiga Windows Update sai in tarar da saƙo wai wa'adin zubin da nake kai ya ƙare, in na danna a nemo sabo kuma shiru kake ji. Na buga winver na ga 22H2 ce. Wani abokina ya ce in ma gode wa Allah da bai zo ba, wai duk wanda aka ɗora masa ta ɓarauniyar hanya, ranar da ya yi afdet ranar kwamfutarsa za ta mutu. Shi ya ma toshe nasa gaba ɗaya. Gaskiya ne? Ina tsakiyar rubuta furojet ɗin digiri na biyu, ba na son in taɓa abin da zai sa ni kuka.

Abba_TudunWada
Wa alaikumus salam. Abokinka ya yi gaskiya. Ni ma tun ranar da aka saka mini na kashe afdet. Kwamfuta lafiya, data ma ta huta.

Injiniya_PZ
Wa alaikumus salam Dan_Samaru. Abba, ka yi haƙuri, wannan shawarar ba ta yi ba. Bari in warware abin, don kullum sai an zo mini shago da wannan tambayar.

Afdet iri biyu ne, mutane ke haɗa su wuri guda. Akwai na wata-wata, wanda ake saki ranar Talata ta biyu ta kowane wata, shi ne mai toshe kafofin tsaro. Wannan yana zuwa wa kwamfutar da aka ɗora wa ta ɓarauniyar hanya kamar yadda yake zuwa wa kowa, ba ya sake tambayar TPM (wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta) ko janareshan. Sannan akwai babban na shekara, wanda ke canza lambar zubin: 21H2, 22H2, 23H2, 24H2, 25H2. Shi wannan kafin ya zo sai ya sake auna kwamfutar. In ya ga furosesa ba ta cikin jerin da aka yarda da su, wato daga Intel janareshan na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, sai kawai ya ƙi zuwa. Ba ya ɓata komai, ba ya kuma yi maka bayani.

Inda gizo ke saƙar shi ne kowane zubi wata 24 ne wa'adinsa ga masu Home da Pro. 21H2 ta ƙare a Oktoba 2023. 22H2 da kake kai ta ƙare ranar 8 ga Oktoba 2024. 23H2 ta bi su ranar 11 ga Nuwamba 2025. Da wa'adi ya cika, na wata-watan ma sai ya tsaya. Kamar ɗalibin da ya shiga aji babu sunansa a rajista ne: zai zauna ya ɗauki darasi ba wanda zai kore shi, amma ranar ƙarin aji ba za a kira shi ba, ajin nasa kuma za a rufe.

Saboda haka kai ba afdet ne ke barazanar kashe maka kwamfuta ba. Tun Oktoba 2024 ba ka samun na tsaro, wannan ita ce matsalarka.

Dan_Samaru
Innalillahi. Wato duk wannan lokacin a buɗe nake? Kuma da ita nake shiga banki wani lokacin.

Maman_Ilham
Injiniya ka yi bayani mai kyau, amma ban yarda da cewa ba ya ɓata komai ba. Ina da shagon buga takardu a wajen Kongo. Akwai tsofaffin kwamfutocin tebur guda biyu da muke taifin da su, Core 2 Duo. Yaron da ke kula mana da su ya saka musu Windows 11 tun farkon fitowarta, suna tafiya a hankali amma suna tafiya. Da ya zo ya ce zai ɗaga su zuwa sabuwa, ta farkon da ya taɓa ba ta ƙara tashi ba. Ta nuna tambarin Windows, ta mutu, ta sake kunna kanta, haka ta yi ta zagaye har ya zare waya. Ranar kuma lokacin miƙa furojet ne, ɗalibai cike da shago. Sai da aka yi mata fomatin aka mayar da Windows 10.

Injiniya_PZ
Hajiya, naki daban ne, kuma gara da kika kawo shi. Duk sharuɗɗan da ake tsallakewa, TPM 2.0 da Secure Boot (tsaron matakin tashin kwamfuta) da jerin furosesa, bincike ne kawai da ake yi a ƙofar shiga. In an rufe idon mai binciken, Windows ɗin tana iya aiki. Amma daga 24H2, wadda ta fito 1 ga Oktoba 2024, an gina ita kanta zuciyar Windows ɗin da wasu umarnai da ake kira POPCNT da SSE4.2. Core 2 Duo ba ta san su ba sam, ba a ƙera ta da su ba. Babu Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filash da ita, babu dabarar Registry, rumbun saitunan Windows, da za ta koya mata. A ɓangaren Intel sai daga Core i3, i5, i7 na farko, waɗanda suka fara fitowa a 2008, ake samun su. Don haka iyakar Core 2 Duo ita ce 23H2, ita kuma ta riga ta ƙare.

Amma ki lura, ba kanta ta ɗauko ba, yaron ne ya tura mata da filash. Ta Dan_Samaru janareshan na 6 ce, tana da waɗannan umarnan duka.

Maman_Ilham
To na gane. Amma wa ya ba mu tabbacin gobe ba za su ƙara wani sharaɗin irin wannan ba, ya kwashe su janareshan na 4 da na 6 ɗin?

Injiniya_PZ
Babu wanda zai ba ki, Hajiya. Su da kansu sun rubuta cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da haƙƙin samun afdet. Zuwan da yake yi yanzu ba alkawari ba ne.

Bakano_a_Zazzau
Ku Zage-zagi akwai son wahala wallahi. Duk wannan dogon lissafin a kan laftof ɗin 2016? Malam ka shiga mota a Kwangila ka sauka Kano, ka je Beirut Road ka ba da taka ka yi ciko, ka ɗauko 840 G5 ko ThinkPad T480 ko Latitude 7490. Ka zaɓi mai janareshan na 8 a cikinsu, Windows 11 tana hawa ta ƙofar gaba. Shi ke nan an wuce wurin.

Ummi_Archi
Bakano, cikon kai za ka biya masa? Ɗalibi ne fa. Kun saba da lissafin kasuwa, kuna ganin kowa ma ɗan Kwari ne.

Bakano_a_Zazzau
Allah ya huci zuciyar gimbiya. Na janye, amma maganata tana nan.

Gwani_Hanwa
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dalilin sharaɗin tun asali. i7 janareshan na 7 mai ram 16 an ce ba ta isa ba, amma wata 'yar Celeron ta baya-bayan nan mai ram 4 wadda ko Chrome ba ta iya riƙewa an ce ta isa. Wannan ba maganar ƙarfi ba ce, kasuwanci ne. So ake a zubar da tsofaffi a sayi sababbi. Mu kuma nan yawancin abin da ke hannunmu 'yan Landan ne da ofisoshin Turai suka gama yayinsu.

Sadiq_Dev
Gwani akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Dama ba su ce ƙarfi suke aunawa ba, tsaro suka ce. Windows 11 tana da wani tsari da ke killace zuciyar sistem ɗin don kada mugun direba ya kutsa, shi ne Memory integrity da kake gani a Windows Security. Sababbin furosesa suna da abin da ke ɗaukar wannan nauyin a jikinsu, tsofaffi kuma sai dai a kwaikwaya musu, sai su yi nauyi. A Agusta 2021 Microsoft ta ce a gwajinta kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba sun fi sauran yawan faɗuwa irin ta shuɗin allo da kashi 52 cikin ɗari.

Gwani_Hanwa
Su suka yi gwajin, su suka ba da sakamakon, su ke sayar da lasisi ga masu ƙera sababbin kwamfutoci. Ka ga kuwa. Kuma shi wancan abin da kake faɗa janareshan na 7 tana da shi, me ya sa aka bar ta a waje? Har i7-7820HQ suka ɗauko suka saka a jerin, ita ce kuma ke cikin Surface Studio 2 tasu.

Sadiq_Dev
Wannan kam ba ni da amsarsa.

Amma tunda ana maganar afdet, ku masu Windows hutu kuke yi. Ku zo ku tambayi masu Hackintosh, wato masu ɗora macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba. Ni ina rubuta manhajojin waya, kuma ba a haɗa ta iPhone sai da Xcode, shi kuma sai a macOS. Kuɗin Mac ba nan kusa ba, shi ya sa na ɗora macOS a kwamfutar tebur da na harhaɗa da kaina, da OpenCore, manhajar da ke tayar da shi. A nan ko ƙaramin afdet sai ka yi shiri kamar mai tafiya. Ka fara sabunta OpenCore, ka sabunta direbobi irin su Lilu da WhateverGreen da VirtualSMC, ka kwafi fayil ɗin EFI mai aiki a filash ka ajiye gefe, sannan ka danna. In ka tsallake ɗaya kana iya tashi da baƙin allo.

Kuma kowace shekara ana cire wani abu, don Apple direbobin kayan da ke cikin nasu Mac ɗin kawai take ajiyewa. Da suka daina tallafa wa Mac ɗin da ke da wani kati, direbansa ya tafi, kai ma mai irin katin ka tafi. Masu katin hoto na Nvidia irin su GTX 1060 sun tsaya a zubin macOS mai suna High Sierra. Ventura ta zo ta ce sai furosesa mai AVX2, wato daga janareshan na 4. Sonoma a 2023 ta cire direban katin Wi-Fi na Broadcom da kusan kowa ya saya musamman saboda Hackintosh. Yanzu kuma an zo ƙarshen hanyar ma: a taronsu na Yuni 2025 sun faɗa ƙarara cewa macOS 26 Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Daga 27 sai nasu furosesan, irin M1 da suka fara a 2020.

Ummi_Archi
To kai yanzu ya za ka yi?

Sadiq_Dev
Ina tara kuɗin Mac mini na hannu. Apple sun ce masu Intel za su ci gaba da samun afdet na tsaro na wasu shekaru, amma ni Xcode ne matsalata. Lokaci-lokaci suna ɗaga mafi ƙarancin zubin da za a karɓi manhaja da shi a App Store, a Afrilu 2025 suka ce sai Xcode 16. Ranar da sharaɗin ya kai zubin da ba ya hawa Tahoe, injina ya zama na kallon fim.

Hafsat_Shika
Ni ma abin ya shafe ni ta wata fuskar. MacBook Pro ta 2012 gare ni, ta gaske ce ba haɗi ba, amma a hukumance ta tsaya a Catalina. Ƙanina ya ɗora mini sabuwa da OpenCore Legacy Patcher. Duk lokacin da aka yi afdet, in ta tashi sai ka ga allon ya yi nauyi, taga in ka ja ta tana binka a hankali, Wi-Fi ya ɓace. Sai an sake buɗe manhajar an maimaita facin sannan ta dawo hayyacinta. Abin da ya fi ƙona rai shi ne girman abin da ake saukewa. Abokiyar aikina mai sabuwar Mac ɗan kaɗan take saukewa, ni kuwa sai an sauke sistem ɗin gaba ɗaya, sama da giga 10, wai don facin ya karya hatimin da ake dubawa. Sai in bari sai tsakar dare.

Abba_TudunWada
Kun gani ko? Duk abin da kuke faɗa yana ƙara gaskata ni. A kashe afdet a zauna lafiya.

Malam_Gyallesu
Abba, kai da ka zauna lafiya ka sani ko ba ka sani ba ne? Wanda aka sace wa kalmar sirri ba ƙara kwamfutar ke yi ba. Ku tuna WannaCry a Mayu 2017, wadda ta tsayar da asibitoci a Ingila. Kafar da ta bi an riga an fitar da abin toshe ta tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su ta kama. Kai kuma filash ɗinka kullum yana yawo daga wannan shagon fotokwafi zuwa wancan a Samaru.

Ni tambayata daban ce, ga masu ilimin shari'a a cikinmu. Wannan tsallake sharaɗin, ya halatta kuwa? Ba saɓa yarjejeniya ba ne?

Lauya_Kongo
Malam, ɓangaren fiƙihu na bar muku, ku ne masu shi. Ta fuskar yarjejeniya dai biyun ba ɗaya ba ne. Lasisin macOS ya faɗa a fili cewa a kan kwamfutar Apple kaɗai aka yarda a ɗora ta. Akwai kamfanin Psystar a Amurka da ya riƙa sayar da kwamfutoci ɗauke da macOS, Apple ta kai shi kotu a 2008, ta yi nasara a 2009. Wancan mai sayarwa ne, amma sharaɗin yana kan kowa.

Windows kuwa, Microsoft da kanta ta taɓa wallafa hanyar tsallakewar a shafinta, wani layi da ake ƙarawa a Registry mai suna AllowUpgradesWithUnsupportedTPMOrCPU, ga wanda ke da aƙalla TPM 1.2. Ta dai ce in ka bi, kai ka jiyo. Daga baya ta cire bayanin daga shafin. Don haka wanda ke da lasisinsa na gaske ya tsallake binciken, tallafi ya rasa, ba sata ya yi ba. Inda maganar take shi ne Windows da Office ɗin da ake kunnawa da kirak, wanda kuma shi ne a yawancin kwamfutocinmu, amma ba wanda ke son a taɓo wannan.

Malam_Gyallesu
Barista ka taɓo inda yake mana ciwo. Allah ya sa mu gyara.

Dan_Samaru
Jama'a na gode, amma an yi nisa an bar ni a tasha. Ni yanzu me zan yi? In koma Windows 10 ne ko in ɗaga?

Zango_Linux
Ka saka Linux Mint ka huta da duk wannan. Ba ta tambayar TPM, ba ta tambayar janareshan. Zubi na 22 yana da tallafi har 2029. A kan 840 G3 gudu za ta yi. Tsofaffin na Maman_Ilham ma za su ɗauki zubinta mara nauyi mai Xfce.

Ummi_Archi
Dama na san sai kun zo. AutoCAD da Revit fa? Babu su a Linux. Mu a sashenmu in ba su ba ka tashi aiki.

Maman_Ilham
Ni ma CorelDRAW da Word ne abincina. Ɗalibi ya kawo aikin da ya tsara a Word, in buɗe a wani abu daban shafuka su tarwatse, teburin babi na huɗu ya koma wani wuri, wa zai biya takardar da aka ɓata?

Zango_Linux
A ce ya kawo PDF mana.

Maman_Ilham
Ka taɓa zama a shagon buga takardu? Rabin aikin gyara ne a tsaye, malami ya ce a canza wannan a cire wancan.

Injiniya_PZ
Dan_Samaru, komawa Windows 10 ba mafita ba ce mai nisa. Tallafinta ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Akwai ƙarin shekara ɗaya da suke kira ESU, har 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusun Microsoft ka kunna ajiyar saituna. Kuma komawar sai da fomatin, don kwana 10 kawai ake bayarwa na juyawa baya.

Ni a ganina ka ɗaga da hannu. Ga yadda muke yi a shago. Ka sauke ISO, wato fayil ɗin saka Windows, daga shafin Microsoft kai tsaye, ba daga wani wuri ba, ya haura giga 5. Ka sauke Rufus na yanzu, don tun zubi na 4.6 suka ƙara abin da ke ba da damar ɗagawa daga cikin Windows zuwa 24H2. Ka sa filash mai giga 8 ko fiye, in ya tambaye ka ka yi alama a cire sharaɗin TPM da Secure Boot da ram. In ya gama, kada ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin, nan ne mutane ke goge kayansu. Kana cikin Windows ɗinka za ka buɗe filash ka danna setup, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji.

Ga wani abu da ke kama mutane: harshen ISO ɗin. Akwai Ingilishin Amurka akwai na ƙasa da ƙasa. In ka sauke wanda ba irin na kan kwamfutarka ba, zaɓin a bar maka manhajoji zai dushe, ba zai dannu ba. In ka ga haka ka tsaya, ka koma ka sauko da ɗayan. Kada ka ce bari in ci gaba a haka.

Kafin komai ka kwafe furojet ɗinka wuri biyu. Kuma in batirinka ya mutu, kada ka fara sai inda ake da sola ko janareta, don aikin yana iya haura awa guda, musamman in ba SSD gare ka ba.

Nura_Palladan
In ƙara a kan na Injiniya, a kula da BitLocker. Wata 'yar'uwata aka yi wa sabon ɗori na 24H2 a wani shago, mai gyaran ya shiga da asusunsa na Microsoft don ya wuce matakin farko da sauri. Ashe daga 24H2 in an yi sabon ɗori aka shiga da asusu, tana iya kulle rumbun ajiyar da kanta, makullin kuma ya tafi cikin wannan asusun. Bayan wani lokaci aka taɓa saitin BIOS, kwamfuta ta tashi da shuɗin shafi tana neman makulli mai lambobi 48. Mai gyara ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Hotunan bikinta da takardun aikinta duk suna ciki. Rufus yana da wurin da ake yin alama a hana wannan kullewar. In kuma kana so a kulle, to da asusunka, ka rubuta lambar a takarda.

Hafsat_Shika
Subhanallahi. An samu an buɗe?

Nura_Palladan
Har yanzu tana ajiye, ta ƙi yarda a goge, tana sa ran za a same shi.

Gwani_Hanwa
Injiniya, to in ya ɗaga ɗin, baɗi ma sai ya sake wannan wahalar?

Injiniya_PZ
Kusan haka. 24H2 za ta ƙare 13 ga Oktoba 2026, 25H2 kuma Oktoba 2027. Gara ya tafi 25H2 kai tsaye tunda ISO ɗinta ne a shafin. Wanda ke kan 24H2 shi nasa da sauƙi, don gindinsu ɗaya, wani ɗan ƙaramin fayil ne ke kunna ta. Abin da nake gaya wa kwastomomi shi ne duk ƙarshen shekara su buga winver su gani. Laifinmu ne mu masu gyara, da yawa muna ɗora wa mutum mu karɓi kuɗi ba mu gaya masa wannan ba. Wasu ma masu sayarwa da gangan suke saka 11 a kan janareshan na 4 don mai saye ya ɗauka sabuwar yayi ce.

Bakano_a_Zazzau
Wannan gaskiya ne, kuma ba a Kano kaɗai ake yi ba kafin Ummi ta ce wani abu. Duk mai sayen laftof ya duba lambar furosesa da idonsa. i5-6300U na 6 ne, i5-8350U na 8 ne, lambar farko bayan ɗan layin. Kada fuskar Windows ta ruɗe ka.

Sadiq_Dev
Akwai kuma wani abu da ke tafe da ba a cika magana a kai ba. Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar tun 2011, waɗanda ke cikin BIOS na kusan duk kwamfutocin nan, za su fara ƙarewa a Yuni 2026. Ana tura sababbi ta Windows Update da kuma sabunta BIOS. Kwamfuta ba za ta daina tashi ba, amma wadda ba ta karɓi sababbin ba za ta daina samun gyaran tsaro na matakin tashi. Wanda ya toshe afdet ko yake kan zubin da ya ƙare, ta ina za su iso shi?

Abba_TudunWada
Ni Secure Boot ɗina a kashe yake ma tun farko, to me zai ƙare?

Malam_Gyallesu
Abba kai dai Allah ya shirye ka.

Tijjani_Wusasa
Sai yanzu na ga wannan zaren. Ni ra'ayina ya saɓa da na Injiniya a abu ɗaya, lokaci. Mutumin nan yana tsakiyar furojet. Na ga inda aka ɗaga irin wannan, komai ya tafi daidai, amma tsohuwar firinta ta daina aiki, na'urar karanta yatsa ta ɗauke, wata manhajar lissafi ta ce a sake kunna lasisinta. Tsofaffin kwamfutocin nan masu ƙera su ba su fitar musu da direbobin Windows 11 ba, da na 10 suke tafiya. Ba lallai ya faru da shi ba, amma in ya faru ana saura mako ya kare aikinsa fa? Ni da ni ne, in daina shiga banki da ita, in bar Defender da Chrome suna sabunta kansu, in gama difens, sannan in ɗaga.

Injiniya_PZ
Malam Tijjani, ya danganta da yaushe ne difens ɗin. In wata ɗaya ne na yarda da kai. In kuwa irin na digiri na biyu ne da ake cewa wata mai zuwa har shekara ta zagayo, ba zan ce ya ci gaba da zama a buɗe ba.

Dan_Samaru
Ranka ya daɗe ko ranar semina ta biyu ba a sa ba tukuna. Na kwafe aikin a filash da Google Drive yanzun nan. Zan duba harshen da ke kan tawa kafin in sauke ISO ɗin. Tambaya ɗaya: SPSS ɗin da ke kai wani ne ya saka mini, ba ni da fayil ɗin sakawa. In na zaɓi a bar manhajoji zai tsira?

Tijjani_Wusasa
Ka ga irin abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya_PZ
Yawanci yana tsira, amma ban ba ka tabbaci ba, musamman in ba ta hanyar lasisi aka kunna shi ba. Ka nemo wanda ya saka maka ka karɓi fayil ɗin tukuna. In kana da rumbun waje, a ɗauki hoton diski ɗin gaba ɗaya da Clonezilla, in abu ya ɓaci a mayar da shi yadda yake.

Maman_Ilham
Injiniya kafin ka tafi, in zan canza waɗancan biyun da na tebur na hannu, wanne zan nema wanda ba za a sake wannan maganar ba? An kawo mini OptiPlex 7040 an ce tana da kyau.

Bakano_a_Zazzau
Hajiya 7040 janareshan na 6 ce, layin Dan_Samaru za ki shiga. 7060 za ki ce a kawo miki, ko 3060 in kuɗin bai kai ba.